Gargaɗi ga amaren sojoji masu juna biyu a Tawa: kada ku aika kuɗin "dosiye" ta salula

Wannan saƙo na amaren sojoji ne, da matan jandarma da na garda, musamman masu cikin fari waɗanda mazansu ke daji. Akwai macuta da ke kiran mata a salula, suna cewa daga ofishin kula da iyalan soja suke, suna karɓar kuɗi da sunan gyaran takardu. Ƙarya ce tsagwaronta. Na daɗe a zaman bariki, kuma abin ya faɗa kan yarinyar da na ɗauka tamkar ƙanwata, shi ya sa ba zan yi shiru ba.

Mutum ne zai kira ki, murya a natse, yana gauraya Hausa da Faransanci irin na ma'aikatan ofis. Zai faɗi sunan maigidanki daidai, da muƙaminsa, wani lokaci har ya ce ai ya san an tura su wajen Tiliya ko Tasara. Sai ya ce: "Madam, mun duba dosiyen maigida ba mu ga sunanki ba. In kika haihu a haka babu kuɗin iyali, babu katin magani, yaron ma ba zai shiga lissafi ba. Gobe ake rufe lista." Idan ya ji hankalinki ya tashi sai ya sassauto, ya ce don Allah zai taimaka, ki aiko jaka ashirin na tambur da fotokopi ta ɗaya daga cikin gidajen aika kuɗi, da sunan wani "yaronsa". Kina aikawa, kwana biyu sai ga kuɗin sa hannun kumandan. Daga nan na "Yamai". Ranar da kika ce babu, ranar lambar ke mutuwa.

Abin da ya sa tarkon ke kamu, akwai ɗan gaskiya a cikin maganarsa. Da yawanmu an ɗaura mana aure a ƙofar gida, an raba goro da dabino, liman ya yi fatiha, babu wanda ya tuna da meri, wato ofishin magajin gari inda ake rubuta aure a rajista. Ango ya samu 'yan kwanakin hutu, ya tare da amarya, ya koma bakin aiki inda babu rezo. To amarya ta san a ranta ba ta da takardar aure. Ga kunyar cikin fari: ba ta iya buɗe baki ta tambayi surukinta, ko uwarta ma sai da nauyin baki. Macucin ya san duk wannan. Shi ya sa yake ƙarawa da cewa, "Kada ki dami maigida da wannan magana, yana fagen daga, kada hankalinsa ya rabu biyu." Wallahi wannan kalma ce ta fi ƙona mini rai. Tausayin da yarinya ke yi wa mijinta, da shi ake rufe mata baki a kwashe kuɗin da ta tara na kayan jariri.

Sunan miji da muƙaminsa kuwa ba sihiri ba ne. Hoton biki da muke ɗorawa a Facebook da WhatsApp, ango cikin kaki da sunansa a ƙirji, da hirar da ake yi a guruf-guruf na mata, su suka ishe shi.

Ku ji yadda abin yake a gaskiya. Takardar aure da ta haihuwa aikin meri ne, ba na wani mai kira a waya ba. Dokar ƙasa mai lamba 2019-29 ta ranar 1 ga Yulin 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa ko aure, kuma bayyanawar kyauta ce. Idan kwanakin sun wuce ba a rasa komai ba, sai dai hanyar ta ƙara tsawo: a je gidan shari'a da shaidu a yi jujma, wato takardar hukuncin alƙali da ke tabbatar da auren ko haihuwar, sannan a kai meri a rubuta cikin rajista. Abin da za a biya can, a ofis ake biya, a ba ki rasit. Shigar da sunan mata da na ɗa cikin dosiyen soja kuma, shi sojan ne ke miƙa takardun ta hannun rundunarsa. Kuɗin iyali a cikin albashinsa suke fitowa. Babu inda matar soja ke aika wa wani kuɗi don a buɗe mata su.

Haka nan awo. Tun 2006 aka mai da awon ciki da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a likitocin gwamnati, tiyatar haihuwa ma haka. Duk wanda ya ce miki sai da wani kati na musamman da zai sayar miki za a karɓe ki a materniti, ɓarawo ne. Karnen awonki dai ki riƙe shi da kyau.

Ga masu tafiya goyon ciki gidan iyaye, a Keita ne ko Buza ko Illela ko Madawa: inda aka haifi yaro can ake bayyana shi. Kafin ku bar likitar, ki sa inna ko yayarki ta tabbata an rubuta haihuwar, an ba ku takardar shaida. Wankan jego kwana arba'in ne, kwana 60 ba su da wuyar cika. Kada a ce sai uban ya dawo daga daji.

Akwai kuma wani nau'in, masu tsayawa kusa da ofisoshi suna cewa za su fitar miki da takardar aure yau-yau ba sai kin kawo shaidu ba, har su mai da kwanan wata baya. Takardar za ta zo da hatimi, kyakkyawa da ita. Amma ba ta cikin rajistar kowace meri, kuma ranar da aka nemi sabon kofi ranar asiri ke tonuwa. Yin takardar jabu da amfani da ita laifi ne a doka, kuma idan ta shiga dosiyen soja, mijinki ne zai tsaya gaban manyansa ya amsa. Kuɗin da aka ci ƙaramin abu ne a kan wannan.

Kuma don girman Allah, kada ki ɗauki hoton katin ɗan ƙasarki, ko lambar aikin maigida, ki tura wa wanda ba ki taɓa gani ba. Balle ki faɗi inda aka kai su da ranar da za su dawo. A halin da ƙasa ke ciki, ba ki san wa ke ɗaya gefen wayar ba.

Idan irin wannan kira ya zo, ki ce masa za ki zo ofis da kanki, ya faɗa miki ƙofa da sunan wanda za ki nema. Za ki ji ya fara kame-kame. Ki kashe, ki nemi matar wani babba a cikin bariki ko abokin aikin maigida da ke gari, ku je tare a tambaya. Mu manya kuma kada mu jira amarya ta yi magana, ba za ta yi ba. Mu ne za mu tambaye ta ko an kai aurenta meri.

Wadda ta riga ta aika kuɗi, kada kunya ta sa ki share saƙonnin. Ki ajiye rasit ɗin aike, da lambar da ta kira ki, da sunan da aka karɓi kuɗin da shi, da muryar da ya turo idan akwai. Ki kai komisariya ko jandarmari, ki ce kin zo shigar da ƙara kan damfara ta waya. Dokar 2019-33 ta ranar 3 ga Yulin 2019 ta tanadi hukunci kan irin wannan laifi, kuma sunan da ke kan rasit ɗin shi ne bakin zaren da masu bincike za su fara ja.