Allon Karan Auduga: Abin Da Na Gani Bayan Damina Guda

Bara, gab da faɗuwar damina, kafintan da ke yi mini aiki a Tudun Wadan Zariya ya kai ni wajen wani mai sayar da katako a Sabon Gari, ya nuna mini wani allo mai launin ƙasa-ƙasa, ƙafa 8 a tsawo, ƙafa 4 a faɗi, wanda mai shagon ya ce daga Indiya aka kawo shi, kuma da karan auduga aka yi shi. Na sayi guda 6 don silin ɗin ɗakin karatu da kantar littattafai, saboda kuɗinsa bai kai na filawud ba.

Yadda ake yin sa ba boyayyen abu ba ne. Bayan an gama cirar auduga, sai a tuge karan, a kakkaɓe ƙasa da ragowar kaɗar da ta maƙale, a daddatsa shi ƙanana, a busar, a cuɗa da gam, sannan a danne da inji mai tsananin zafi har ya zama allo. Karan auduga ya fi na dawa da na gero dacewa da wannan aiki, domin jikinsa itace ne sosai, ba ɓargo mai laushi ba. Cibiyar binciken fasahar auduga ta CIRCOT da ke Mumbai ta daɗe tana aiki a kan wannan hanya, har ta kafa ƙaramar masana'antar gwaji a Nagpur.

A wajen aiki, allon ya ba ni sha'awa. Zarto yana cin sa ba tare da wahala ba, fuskarsa sumul take, ta karɓi fenti da kyau, kuma tun da aka ɗora silin ɗin ɗakin ya rage ɗaukar zafin kwano a watannin bazara. Sai dai tun ranar farko kafintan ya gargaɗe ni, ya ce, “Malam, wannan ba ya son ƙusa a baki, sai a tsakiya.” Gaskiya ya faɗa, domin wurare biyu da aka buga ƙusa kusa da gefe sun ɓantare, sai da ya sa ƙananan katakai ya tallafe su. Akwai kuma warin gam mai yaji a ido wanda ya ɗauki kusan mako biyu kafin ya fita, don haka bai kamata a kwantar da yara a ɗakin da aka yi wa sabon aiki ba sai an bar tagogi a buɗe ya sha iska.

Babban aibinsa shi ne ruwa. A watan Agusta kwanona ya yi yoyo a kusurwa ɗaya, kuma cikin kwana uku allon wurin ya kumbura, ya yi ciki, da na taɓa shi sai ya marmashe kamar dusa. Bai koma daidai ba ko da hunturu ya shigo, dole aka sauya shi. Kantar littattafan kuwa, wadda ba ta taɓa ƙasa ba kuma aka shafe ƙafafunta da maganin gara, har yau tana nan lafiya, ko da yake dogon allon da na cika da manyan littattafai ya ɗan lanƙwasa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne nisan da allon ya yi kafin ya iso Zariya. Nan ne Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru take, wadda tushenta ya faro a 1922, kuma ita ce ke fitar da irin auduga na SAMCOT da ake shukawa daga Funtuwa har Gusau. Malaman gona sun daɗe suna umartar manoma su tuge karan su ƙone bayan girbi don kada tsutsar auduga ta kwana a ciki ta addabi shukar baɗi. Na sani mata a ƙauyuka suna girki da wani kaso nasa, amma wanda ake bankawa wuta a gona, da akwai mai saye, kuɗi ne a hannun manomi, kuma tsutsar ma ba ta tsira daga zafin injin ba.

Zan sake sayensa don raba ɗaki da yin durowar tufafi, amma ba zan kai shi madafa ko banɗaki ba, kuma kafin a sake ɗora mini shi a silin sai mai gyaran kwano ya hau ya duba kowace ƙusa.