Kwalaben bitamin na Ingila da kasalar bayan mura

Yaya, ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya a Gombe. Kan batun bitamin ɗin da kika ce a aiko wa Baba saboda kasalar da ta ƙi sakinsa tun bayan murar nan, ga yadda abin yake a nan Ingila.

Shaguna irin su Boots da Holland & Barrett cike suke da kwalabe, amma doka ta ɗauke su a matsayin abinci, ba magani ba. Wanda gajiya da haki suka bi shi sama da mako 12 bayan korona, jininsa likita ke fara aunawa, kuma kyauta ne: yawan jini, sinadarin ƙarfe, suga, bitamin B12. A Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ma ana awon jini, sai dai da kuɗi. In za a auna jinin Baba, a haɗa da gwajin maleriya. In tari ya wuce mako biyu, a auna tarin fuka.

Bitamin D shi ne abin da ake shawartar kowa ya sha a nan, maikirogiram 10 kullum daga Oktoba zuwa Maris, saboda ƙarancin rana. Baba da ke wuni a waje ba lallai ya buƙace shi ba. Matan da ba sa fita ne abin dubawa.

Ƙwayar ƙarin jini kuwa, wato ta sinadarin ƙarfe, kada a sha sai awo ya nuna ƙaranci, musamman mai sikila. In an rubuta ta, a sha da lemun zaƙi, kada a haɗa da shayi ko madara, don suna hana jiki tsotse ƙarfen. Tana baƙanta bayan gida, tana kuma ɗaure ciki. Ƙwayar sinadarin zink a kan yunwa tana tayar da zuciya. Duk abin da za ku saya a kemis, ku duba lambar NAFDAC.

Abinci kam, kun fi mu. Zogalen da ke bayan gida, a nan garinsa ake sayarwa da tsada. A ba Baba ƙwai biyu da safe, wake ko awara da rana, nono, kifi, hanta sau ɗaya a mako. In ba ya jin cin abinci, a raba masa kaɗan-kaɗan sau biyar. Ranar da ya ji ƙarfi, don Allah ku hana shi tafiya gona, domin washegari kasalar ninkawa take yi.