Bokitin roba da nike aje kwaɓin burodi cikin firijo

Ƴan uwa masu kwaɓa burodi a gida, in za ku sayi abin aje kwaɓi ku fara duban girma kafin kyau. Kwaɓi ko cikin firijo bai daina tashi, sanyin digiri 4 rage ma lebir (yis, mai sa kwaɓi ya tashi) ƙarfi kawai yake, kafin gari ya waye sai ki iske ya ninka. Shi ya sa na ɗauki bokitin roba mai lita 5 a babbar kasuwa, wanda ake hangen ciki, kuma gaskiya na ji daɗinshi, kilo 1 na fulawa yana shiga har da sauran wuri sama.

Abin da ya fi burge ni gefenshi miƙe yake, ba kamar kwano mai faɗin baki ba. Ina shafa mai kaɗan ciki, in zuba kwaɓin, in zagaya robar ɗaure kuɗi daga waje daidai inda ya tsaya, da safe ina buɗe firijo ido kawai zai gaya mini ko ya tashi, har ƴan ramukan iska ana gani jikin robar.

Marfin ne ke da ɗan matsala, yana kamawa gam, ita kuwa lebir iska take fiddawa, in kin danne shi duka sai ya kumbura ko ya ɓalle da kanshi. Ni gefe guda nike bari ban danna ba. Amma kar a bar shi buɗe, saman kwaɓin bushewa yake ya yi ɓawo, ga shi yana jan warin duk abin da ke kusa, daddawa ko kifi ko albasa, kuma wallahi sai kin ji shi cikin burodin.

Ƙwarya tana shanye ruwan kwaɓi, tukunyar dalma kuma ba ta shiri da kwaɓin da ya fara tsami. Na gilashi yana da kyau sai dai nauyi, ga yara masu buɗe firijo neman ruwan sanyi.

Don Allah ku juya gindin robar ku duba kafin ku biya, a samu lamba 5 da harufan PP ko hoton kofi da cokali mai yatsu, shi ne na abinci. Bokitin fenti ko an wanke shi ban yarda da shi ba.

Sai zancen kuran, wato wutar lantarki, zafin Maradi watan Afrilu da Mayu ya wuce digiri 40, in aka ɗauke ya jima kwaɓin zai ci gaba da tashi har ya yi tsami, nan ne wurin da ya rage sama ke ceton ki. In na ga haka ba na jira, gasawa nike ranar. In sanyi ya zauna kuwa yana kai kwana 3 lafiya lau, mai ƙwai da madara dai kar ya wuce kwana 2.