But ko cinya: ina jakarka za ta kwana a motar Legas?

Daga Kano zuwa Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, kuma wuri biyu gare ka na ajiye jakar goyo a doguwar bas: but ɗin ƙasa, ko kan cinyarka.

But na ba ka damar miƙe ƙafa. Aibinsa, ba ka ganin abin da ake yi. Duk inda wani ya sauka, yaron mota zai buɗe, ga baƙaƙen jakunkuna kamarsu ɗaya cikin duhu. Ɗaura wa taka jan ƙyalle, ka maƙala wa zif ɗan kwado, in an tsaya ka leƙa ta taga.

Cinya kuwa wahala ce, ƙafa ta yi tsami, gumi ya jiƙa riga. Amma ɓarawo sai ya taɓa ka kafin ya taɓa jakar. Matsalar ita ce barci, don wajen ƙarfe 3 na dare kowa ya sheme. Ni nakan zura hannu cikin igiyarta, zif na fuskantar cikina, in an tsaya salla da ita nake sauka.

Tufafi da tsaraba dai nakan bar wa but. Waya, katin ATM da kuɗi kam a jikina suke kwana, kuɗin ma rabi a aljihun ciki.