HyperX Cloud II ko Razer BlackShark V2 X: amsa ga ƙaninmu na Nima

Salamu alaikum jama'a. Ƙanina mai tambayar daren jiya, ka ce kana buga gem ɗin harbi na Warzone a PlayStation 5 (PS5) wani lokaci kuma a laftof, abokan buginka suna ta ƙorafi wai muryarka ba ta fita sai ƙarar fanka da hon ɗin trotro (motar haya), kuma hedset (hedfon mai mayik) biyu ka gani a kasuwar Circle ta Accra ka rasa na ɗauka, Cloud II da BlackShark V2 X. To ga su gefe da gefe, amma tun yanzu in gaya maka, inda za ka soka wayar shi ne zai raba gardamar nan, ba sunan kamfani ba.

Mu fara da mayik tunda shi ne ciwon kanka. Na Razer irin wanda ake kira kadiyoyid ne, wato yana ɗaukar abin da ke gabansa sosai, na gefe kaɗan, na bayansa kuwa kusan ya yi watsi da shi, kuma wannan ba sofwaya ba ce, haka aka ƙera shi, don haka ko a fad (abin riƙewa na buga gem) ka soka ko a waya ko a laftof halinsa ɗaya ne. A ɗaki irin namu na Nima da Maamobi da taga ke kallon titi, mai waakye na kiran ciniki, yara na ball a lungu, maƙwabci ya tada janareta don an ɗauke wuta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai a manne yake, ba a cire shi, lanƙwasa shi kawai za ka yi. Kuma da yawa suna juya shi baibai ba su sani ba, yana da gefen da ya kamata ya kalli baki, ramukan iska kuma su kalli waje, in ka juya shi to fankar ce za ta yi magana kai a ji ka can nesa kamar kana cikin rijiya.

Na Cloud II shi ana cire shi a mayar, abin da nake so kenan a tare da shi, in ya lalace ka sayi wani ka soka ba sai ka jefar da hedset gaba ɗaya ba. Amma fa rage hayaniyar da ake yabonsa da ita, yawancinta a cikin ɗan akwatin USB ɗin nan da ke zuwa da shi take, wanda ke da maɓallin 7.1 (sautin da ke zuwa kamar daga kowane ɓangare) a tsakiya. Ka soka shi kai tsaye a ramin fad ɗin PS5 ka bar akwatin a jaka, to ka bar rabin abin da ka biya kuɗi dominsa. Muryarsa kuma a kunnena ta fi sirara, kamar ta hanci kaɗan, ana jin kowace kalma amma ba ta da kauri irin ta Razer. Akwatin yana shiga USB na PS5 ɗin ma, wayar hedset mita 1 ce ta akwatin mita 2, sai ka auna daga kujerarka zuwa tibi ko za ta kai, kuma ka tuna ƙannenka da ke wucewa a guje.

Maganar 7.1 kada ta ɗauke maka hankali ko kaɗan. Sifika biyu ne a kowane ɗayansu, dama da hagu, na Cloud II milimita 53 na Razer 50, sauran duk dabarar sofwaya ce. Na Razer ma a Windows kaɗai yake aiki da kod ɗin da ke cikin kwali. PS5 tana da nata sautin 3D da ke aiki da kowane hedset ka soka, shi kenan an wuce wurin.

Wajen jin takun abokin gaba a Warzone duka biyun suna yi. Cloud II ya fi daɗin kiɗa da kallo a wajena, Razer ya fi karkata ga gem. Ba zan tsaya dogon bayani a nan ba, ba shi ka tambaya ba.

Inda suka rabu sosai shi ne jiki. Cloud II tun 2015 yake kasuwa, lokacin HyperX na hannun Kingston kafin HP ta saye shi a 2021, kuma dalilin da ya sa har yau ake sayensa shi ne firam ɗinsa na alminiyom, yana jure jifa a jaka da hannun yara. Nauyinsa ya haura giram 300. BlackShark V2 X ya fito a 2020, giram 240 ne, roba ce mafi yawansa, kuma kofunan kunnen a jikin wasu siraran ƙarafa suke rataye masu kama da waya, ka sa shi awa uku wuyanka bai sani ba, amma ba abin da za ka bari a kan katifa wani ya zauna a kai ba ne. In ku biyar ne a ɗaki kuna karɓa-karɓa, ko kuma shagon gem za ka kai shi, wallahi Cloud II zan ce maka ba tare da dogon tunani ba.

Sai zafi. Wannan masu bita na Turai ba sa kawo shi don su sanyi ke damunsu, mu kuwa a Accra watan Fabrairu da Maris ka sa soson kunne mai fatar roba minti talatin gumi na bin wuyanka, bayan wani lokaci fatar ta fara ɓarewa tana barin baƙin gari a kunne da wuyan jallabiya ranar Juma'a. Duka biyun suna da wannan fatar. Bambancin shi ne Cloud II an san shi da zuwa da soso na biyu mai yadi a cikin kwali, ka buɗe ka duba yana nan kafin ka biya. Mai yadin ya fi shan iska amma hayaniyar waje ta fi shigowa, sai ka zaɓi wanda za ka iya jurewa. Ko wanne ka saya, goge shi da ƙyalle busasshe bayan ka gama, kada ka rufe shi a leda da danshi.

Wani ɗan abu da ba a lura da shi sai an kai gida: Razer yana da abin ƙara murya da maɓallin kashe mayik a jikin kunnen hagu, Cloud II kuwa duka a akwatin USB suke. A PS5 da sauƙi tunda fad ɗin DualSense na da nasa maɓallin kashe mayik, amma a PS4 ko waya in Hajiya ta leƙo tana faɗa ba ka je shago ba, da Cloud II duk abokan bugi sai sun ji kafin ka lalubo yadda za ka yi shiru. Waya kuma a duka biyun ba a cire ta daga jikin hedset, kada ka riƙa naɗe ta a jikin fad.

Kuɗi kuwa, a can waje an fito da Cloud II a kan dala 100, V2 X dala 60, farashin sidi kuma kullum dala yake bi don haka ka zaga shago uku ko huɗu a Tip Toe Lane da ke Circle ka kuma leƙa shafin saye da sayarwa na Jiji ka kwatanta. In ka ga Cloud II sabo fil a kwali ya fi Razer araha, ajiye shi. Yana cikin hedset ɗin da aka fi yi wa jabu, kwalin ya yi kyau, ɗinkin ya yi kyau, sai an soka mayik asiri ya tonu. Kada ka tura kuɗi ta MoMo sai ka gwada, soka shi a wayarka nan cikin hayaniyar Circle ka ɗauki voice a WhatsApp ka saurara, ba gwajin da ya fi wannan. In wayarka ba ta da ramin iyafis tafi da adafta ta USB-C. Ka gwada akwatin USB ɗin ma a laftof ɗin mai shago.

Wani a ƙasa ya ce ka sayi na Bluetooth kawai ka huta da waya. A'a yaya, ba don gem ba. PS5 ba ta karɓar hedfon na Bluetooth kai tsaye, a laftof kuma da zarar mayik ya kunnu sautin gaba ɗaya yake faɗuwa ya koma na kiran waya, ga jinkiri tsakanin harbi da ƙararsa. Mara waya na gem shi ne mai dongul na 2.4GHz, wato ɗan abin da ake sokawa a USB, kuma kuɗinsa wani aji ne daban.

To ni dai ga inda na tsaya. Tunda yawancin buginka a PS5 ne ta fad, ɗakinka kuma a bakin titi, kuma mayik ne matsalar, ɗauki BlackShark V2 X ka riƙe canjinka ka sayi data. In da a laftof ka fi zama ko hannu da yawa za su taɓa shi, da Cloud II ne. In kuma aljihu ya yarda akwai Cloud III na 2023, an gyara mayik ɗin an kuma sa maɓallan a jikin kunne.

Amma kafin ka hau trotro zuwa Circle yi wannan tukuna. Fad ɗin PS5 na da nasa mayik a jiki, kuma sau da yawa shi ne ke ɗaukar magana mutum yana zaton iyafis ɗinsa ne, shi kuwa komai na ɗaki yake kwasa har danna maɓalli. Shiga Settings, Sound, Microphone, ka duba Input Device wanne aka zaɓa, ka rage Microphone Level kaɗan, ka kawo mayik gefen baki tazarar yatsa biyu ba ƙarƙashin hanci ba, fanka kuma ta daina hura fuskarka kai tsaye. A laftof kunna Krisp, mai rage hayaniya, a cikin manhajar hira ta Discord. Ka buga da su daren yau ka ji me za su ce, sai ka dawo ka gaya mana.