Tafiyata a jirgin Idu zuwa Rigasa

Ranar Juma'a na hau jirgin ƙasa daga tashar Idu da ke Abuja zuwa ta Rigasa da ke Kaduna, tafiyar kilomita 186, a layin da aka buɗe a 2016. Kujeru da laushi, sanyin ciki kuwa sai da na ƙara jan mayafi. Da mun doso ƙaramar tasha irin Jere sai direba ya sassauta, ƙafafun jirgi na ƙwaram-ƙwaram inda dogo ya rabu biyu. Har na fara tsaki, wani dattijo kusa da ni ya ce, "Haƙuri, 'yata. Layin ɗaya ne, a tasha jirage ke kauce wa juna. Mararrabar tana da lanƙwasa, in ya shige ta a guje sai ya goce." Shayin hannuna ko ɗigo bai zube ba. Zan sake hawa.