Gargaɗi ga masu Corolla da Yaris: ku kiyayi mai sayar da "kit ɗin VVT" a WhatsApp

Assalamu alaikum jama'a. Masu mota na Garwa da Marwa har Kusiri, musamman 'yan taksi da masu Corolla, Yaris, Avensis da RAV4 na fetur, akwai wani mutum da yake yawo cikin gurup-gurup na WhatsApp da Facebook yana tallar abin da ya kira kit ɗin wanke VVT a gida (VVT tsari ne a inji da ke daidaita lokacin buɗewar bawul). Ban saka suna ba don sunan nasa ba ɗaya ba ne, yau Alhaji wane gobe Injiniya wane, lamba ma canzawa yake, amma hoto da bidiyon iri ɗaya ne, duk wanda ya gani zai gane.

Bidiyon elektrovan ne, wato 'yar na'urar lantarki da ke buɗe wa man inji hanya a VVT, baƙi ƙirin an tsoma shi cikin ruwa mai launin ja ya fito fes, sai murya tana cewa in motarka tana shan mai ko fitilar cek ta kama ko tana kakkarwa a silo to VVT ne ya mutu, kuma makanikai suna ɓoye maka don su ci kuɗinka. A kit ɗin wai akwai sabon elektrovan orijinal na Denso da kwalbar magani da za ka zuba cikin man inji. Ya ce shagonsa na Duwala wajen Camp Yabassi, ka tura rabin kuɗi ta waya, ya saka maka kaya a ajans, in sun iso ka cika sauran. Wasu sun tura an toshe su nan take, waɗannan kuɗi kawai suka rasa, su ne ma masu sa'a. Waɗanda kayan suka iso musu su suka fi shan wahala.

Wani maƙwabcinmu mai Corolla ya karɓi nasa ya kawo muka buɗe tare. Kwali kam sabo ne da tambari da komai, amma elektrovan ɗin tsoho ne, na kwance, an wanke shi da fetur an goge. Wajen da noti ke zama akwai sawun ɗauri, robar zoben ta bushe ta lotsa, cikin ramukan kuma in ka haska da tocilan waya za ka ga jan dattin tsohon mai. Kwalbar kuwa muna buɗewa warin gazuwal ya buge mu, an ɗan saka mata kala ne kawai. Takardar da ke jiki ta ce a zuba duka a yi tafiya da motar kwana uku kafin a yi juye. Innalillahi. A zafin Garwa na watan Maris da Afrilu da yake wuce 40, ka tsinka man inji da gazuwal ka hau hanyar Ngaundare? Man ya zama ruwa, ƙarfe ya ci ƙarfe, sannan dattin da ya daskare shekara da shekaru ya ɓantaro gaba ɗaya ya je ya toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta ciki. Daga nan ba maganar VVT ake ba kuma, maganar sauke inji ake.

Abin da mutumin nan yake ci da shi, yawancinmu ba mu san me VVT yake yi ba, muna ganin VVT-i a rubuce a murfin inji shi ke nan. Aikinsa shi ne ya ɗan juya kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul ɗin inji, gaba ko baya don bawul su buɗe da wuri ko su jinkirta gwargwadon yadda kake taka mota, shi ya sa take da ƙarfi a gudu kuma ba ta shan mai sosai a cikin gari. Kuma da man inji yake aiki. Kwamfutar mota tana aika wuta zuwa elektrovan, shi kuma ya buɗe wa mai hanya zuwa giyar da ke kan kamshaf, matsin man ne yake juya ta. To in man ya yi ƙasa, ko ya yi kauri, ko ya tsufa ya zama kamar kunun da ya kwana, dole aikin ya tsaya ko da elektrovan ɗin lafiyarsa ƙalau. Mu nan kuma kun san halinmu, ga ƙurar hunturu, ga man awo na bakin titi da ba a san asalinsa ba, ga 20W-50 da ake ɗura wa kowace mota alhali injinan nan irin su 1ZZ na Corolla da 1NZ na Yaris mai marar kauri irin 5W-30 aka rubuta musu, ga juye sai an ga dama.

Kafin ka ba kowa ko dala ɗaya, ja sandar mai ka duba tukuna. In ya yi ƙasa ko ya yi baƙi ka yi juye da mai na kirki da sabuwar filta. Elektrovan ɗin yana jikin kan inji, noti ɗaya ke riƙe da shi, sifana lamba 10, ka bari inji ya huce ka cire soket ka zaro shi a hankali. Ka wanke da feshin wanke kafireto, ka taɓa masa wutar batir na ɗan lokaci kaɗan, in lafiya yake za ka ji ƙas ka ga sandar ciki ta motsa ta koma. Mai mita ya auna, na 1ZZ yana ba da tsakanin om 6.9 da 7.9 in yana da sanyi. Sannan akwai wata 'yar rariya ƙarama ƙasa da shi bayan wani noti, mutane da yawa ba su ma san da ita ba, ita ce take tace man kafin ya shiga, kuma sau da yawa ita ce ke toshewa. A wanke ta a mayar yadda take. Wanda bai saba riƙe sifana ba ya kai wa makanikin da ya sani ya tsaya a kansa, aikin bai kai awa ɗaya ba. In duk an yi wannan motar tana ƙarar kar-kar-kar da safe in an tayar, mai yiwuwa giyar kamshaf ɗin ce da kanta, wannan kuma ba aikin gida ba ne kuma babu kwalbar da ke gyara ta.

Akwai kuma wani salo da suka ƙaro, shi ne ya fi ba ni haushi. In ka ce kana shakka sai ya ce yana da yaro a garinku mai kwamfutar duba mota zai zo kyauta. Yaron ya zo ya jona, ya nuna maka lambar matsala P0011 ko P0012, ko P1349 a 'yan tsofaffin motoci, ya girgiza kai ya ce Alhaji wallahi ka yi sa'a da ba ta buga ba. Ya ɗaura nasu elektrovan ɗin, ya goge lambar, fitila ta mutu, kai kuma ka cika kuɗi har da na goro. Goge lamba ba gyara ba ne, ko kan batir ka cire na ɗan lokaci fitilar za ta mutu, sai motar ta yi tafiya kwamfuta ta sake ganin matsalar ta dawo da ita. Lokacin yaro ya ɓace, ya kuma tafi da naka na asali da ya ce zai yar, wanda shi za a wanke a saka a kwali a sayar wa wani a Marwa. Kuma lambobin nan cewa kawai suke lokacin kamshaf bai daidaita ba, ba su ce elektrovan ya mutu ba.

Har mai Carina E aka sayar wa, jama'a. Injinta 4A-FE ba shi da VVT kwata-kwata, haka tsohuwar Starlet, haka tsohuwar Hilux ta gazuwal mai 3L ko 5L. Bawan Allah ya yi ta neman inda zai ɗaura abin bai samu ba.

In ka riga ka tura kuɗi kada ka goge hirar don kunya, ka ɗauki hotonta da saƙon tura kuɗin da rasit ɗin ajans ka kai jandarmeri ko komisariya, kuma ANTIC, hukumar fasahar sadarwa ta Kamaru, tana karɓar ƙorafin damfarar intanet. In ka riga ka zuba kwalbar kada ka sake tayar da motar, a juye man a inda take a canza filta, in da hali a sauke kaskon ƙasa a duba rariyar famfo. Wanda kuma da gaske elektrovan ɗinsa ya mutu, ya je shagon da zai riƙe kaya a hannu ya gwada lambar jiki da ta tsohon, ya karɓi tsohon nasa ya tafi da shi gida. Ku tura wa gurup ɗin direbobi don Allah, na ji ya fara saka tallar da Larabci saboda mutanen Njamena.